Hoton Ƙaramin Kan Jirgi

Rubuta yadda na faɗa, kada ka gyara mini magana. Ban san baƙi ba, amma abin da ya wuce a gabana ina riƙe da shi.

An haife ni a wani ƙauye tsakanin Dawakin Tofa da Bici, tun Nasara bai shigo Kano ba. Ina da 'ya'ya biyu aka shimfiɗo ɗan guntun dogo daga babban layi zuwa wurin awon gyaɗa da ke kusa da mu. Kan jirgi biyu aka ba mu, babba da ƙarami, tsofaffi, waɗanda suka gaji a babban layi. Maigidana ke zuba wa ƙaramin gawayi. Da damina ya yi noma, da kaka ya koma bakin wuta.

Shekarar da aka ce za a kwashe kawunan jirgin, wani mai hoto ya zo daga Ikko. Tasha-tasha yake bi yana ɗaukar tsofaffin kawunan jirgi kafin a yanka su. Akwatin hotonsa ƙafa uku gare shi, da baƙin ƙyalle da yake shiga ciki. Direban ƙaramin kan jirgin ya roƙe shi, ya yarda ma'aikata su tsaya a jikin jirgin.

Ran nan da safe maigidana ya yi wanka har sau biyu, ya ce in fito masa da farar rigarsa ta Juma'a. Da hantsi na kai masa fura, na raɓe bayan buhunan gyaɗa ina kallo.

Direba ya dube shi ya ce, "Ashe haka fuskarka take in babu gawayi? Yau angonci ake?"

Ya ce, "Ko ƙarfen ma an goge shi, bare ni."

Mai hoto ya jera su, ya ce, "In na buɗe, zan ƙirga biyar. Ko ƙuda ya sauka a hanci, a bar shi."

Ya ce ɗaya, ya ce biyu. Sai ga mahaifina ya ɓullo ta bayan tarago yana kore da jakunansa, ya kawo gyaɗa. Bai san abin da ake yi ba, ya yi sallama. Maigidana ya zame takalmi ya durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

Mai hoto ya rufe akwatinsa, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, wa ya ce ka zauna?"

Direba yana dariya ya ce, "Surukinsa ne. Ko jirgin na gudu sai ya diro."

Aka roƙi a sake, ya ce gilashin ɗaukar hoto ɗaya ya rage masa, kuma na babban kan jirgin ne. Maigidana ya kakkaɓe rigarsa ya ce ba komai, ai ƙarfen aka zo ɗauka. Bayan wasu watanni hoton ya iso hannun direba, ya ba maigidana. Na sa shi ƙarƙashin kaya a akwati, ban ƙara bi ta kansa ba.

Bara Allah ya ɗauke maigidana. Mun tsufa tare, amma ban taɓa tsura wa fuskarsa ido ba, domin a haka aka tarbiyyantar da mu. Na san tarinsa tun daga zaure. Na san ƙafafunsa, da tabon ƙuna a bayan hannunsa na dama. Da na gama takaba na rufe ido in nemo fuskar, ta ƙi zuwa. Kullum sai na yi kuka a kan wannan, ba na ɓoyewa.

Shi ne na tono hoton. Kan jirgin ya fito tas, kowace ƙusa ana gani. Direba har giɓinsa ya fito. Inda maigidana ya tsaya kuwa, wani farin hazo ne ya taso daga saman ƙafar jirgi ya gangara ƙasa.

Jikokina kan tambaye ni wanne ne shi. Sai in ɗora yatsa a kan hazon in ce, ga shi nan, yana gaida Baba.