Dutsen Bahago

Mu 'yan Kara-Kara mun fi sanin saman hular Kawu Kyari a kan fuskarsa, don kullum kansa a sunkuye yake. Ba kunya ba ce, dutse yake nema. Ƙanen mahaifiyata ne, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, mutum da hankalinsa, har shekarar da wasu masu binciken mutanen dauri suka ɗauke shi tafinta zuwa daji. Ya tafi lafiya lau, ya dawo da aljihu biyu a yage. Daga nan ɗakin baƙi ya koma ɗakin duwatsu: wannan wuƙa ce, wancan gatari, wancan kan mashi. Matarsa Inna Falmata ta gaji, ta rantse a gabanmu: "Malam, in ka riga ni tafiya, wallahi Ilu magini zai zuba su a tushen katanga."

Sai ya yi dariya, amma na ga maganar ta taɓa shi. Ko tafiyar kwana ɗaya zai yi, sai ya sa wa ɗakin kwaɗo.

Kun tuna Sallar layyar nan? Kawu ya yanka ragonsa da wuƙa kamar kowa, amma ya ce fiɗa da dutse za a yi, wanda ya fasa da hannunsa. Maƙwabta suka gama, suka gicciye ragunansu a bakin wuta, unguwa ta ɗauki ƙamshi. Mu muna ƙafa ta biyu, yatsan Kawu ɗaure da tsumma.

"Mutanen dauri ba su da gaggawa," in ji shi.

Inna ta leƙo daga madafa. "Mutanen dauri ba su da surukai a zaure."

Ya karɓi wuƙar, yana cewa bincike ne bai ƙare ba.

Wata damina na raka shi Dakusa, gun wani tsohon manomi da aka ce yana da gatarin aradu, ɗan dutsen nan mai sulɓi da ake cewa tsawa ke jefowa. Kawu ya zaunar da dattijon nan yana karantar da shi: mutum ne ya goga shi, aradu ba ta da hannu, ba ta da komai sai ƙara. Yana cikin bayani hadari ya haɗo, aka saki wata tsawa. Kafin in juya, Kawu yana ƙuryar ɗaki, takalmi ɗaya a waje.

Dattijon ya ce, "Mushe, ashe dai kana jin tsoronta."

"Ban ce ba ta kisa ba, Baba. Cewa na yi ba ta sassaƙa."

Cikin tarin duwatsun Kawu akwai wanda ya fi so, wani baƙi, fiƙaƙƙe, cikin tafin hannu. Kawu bahago ne, ya sha duka a kan haka yana yaro. Shi kuwa dutsen nan in ka riƙe da dama sai ya cije ka, in ka mai da shi hagu sai ya kwanta, har da gurbin babban yatsa. Duk baƙon da ya shigo sai Kawu ya sa shi ya gwada, yana cewa: "Ka ji? Bahago ne ya yi shi, kuma ba wanda ya dake shi. Kakana ne." Inna kaɗai ta ƙi taɓawa, ta ce ita ba ta gaisawa da dangin miji da hagu.

Da Kawu ya rasu, bayan sadakar arba'in sai ga Ilu magini da amalanken jaki, tunda shekara da shekaru ana yi masa alkawari. Na bi shi cikin gida. Muka tarar da Inna zaune a ƙofar ɗakin duwatsun, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya.

"Koma da jakinka, Ilu."

Na ce, "Inna, kin rantse fa."

"Na sani. Azumi nake, na kaffara."

Sai a lokacin na lura da hannunta na hagu. Baƙin dutsen ne a ciki, babban yatsanta a gurbin da nasa ya saba zama. Ta ce, "Ashe da gaske yana kwanciya." Hawaye kawai nake.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ƙasar da ya ƙare rayuwarsa yana kallo ta yi masa sauƙi, Ya ba shi littafinsa a hannun dama.