Shekara tara da ƙahon Yaya Bulus a hannuna

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Bulus, kafinta a Chikaji, wanda ya koyar da busa ƙaho a ƙungiyar badujala ta majami'armu a Sabon Gari.

Yaran Zazzau sun tashi suna ganin masu algaita, kumatu kamar an cusa lemo. Saboda haka duk wanda aka miƙa wa ƙaho sai ya cika baki da iska, a ganinsa haka gwanaye ke yi. Algaita na son haka, ƙaho ba ya so. Yaya yakan tsaya bayan ɗalibi ya dafe masa kumatu da yatsu, ya ce, "Daga ciki za ka turo." Sauti ɗaya ake ja, mako da makonni, kafin a taɓa waƙa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji shi. Da yawa sun gudu, ni ma na sha ce masa tsananin ya yi yawa.

Bayan jana'iza matarsa ta damƙa mini ƙahonsa, ta ce in miƙa shi ga wanda ya cancanta. Ni ko usur ban iya busawa ba, amma amana amana ce. Yanzu a waya yara ke koyon kiɗa. Da Yaya zai dawo, ina jin zai yaba wa wayar, sannan ya tambaya ko tana da yatsu.

Bara jikarsa Saratu, ɗaliba a Samaru, ta zo neman ƙahon. Ta busa waƙa da sauri, da daɗi kuwa, kumatu a kumbure. Kafin baiti na uku leɓe ya gaji, sautin sama ya ƙi fita. Na hana ta ƙahon.

"Haba tsohuwa, ai yana fita," ta ce.

Na tura ta Dogarawa wurin Dauda, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka jure wa Yaya. Ta tafi da fushi, ta ɗauke ƙafa daga gidana. Abin ya dame ni ƙwarai, don na ɗauka na riƙe ƙarfe na rasa jika.

Bayan Ista sai ga ta. Ta karɓi ƙahon, ta ja sauti ɗaya, dogo, bai yi rawa ba. Ta goge bakinsa da gefen zane, ta miƙo mini.

"Ki ajiye tukuna, Kaka. Malam Dauda ya ce da saura, ni ma na ji da saura."

Kujerun da Yaya ya ƙera sun fara karyewa, 'yan badujala sun ragu. Abin da ya bari shi ne kunnen da ke jin da saura. Na ce ta tafi da ƙahon, ta ƙarasa sauran da shi.