Ɓerayen da suka sauko daga jinka

Shekarun baya can, tun Nasara na riƙe da ƙasa, na koma gidanmu a wani ƙauye kusa da Kebbe na yi haihuwar fari. Tsakiyar ɗari ne. Gwaggona, yayar mahaifina, ita ke kula da jegona. Mace ce mai kyauta, amma in ta ce a'a, ko maigari sai ya haƙura.

Ɗakin na jinka ne, da gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi. Nan take cusa itace da kara dare da rana don maijego ta gasu, ta toshe ƙofa da asabari da tsummoki. Ni kuwa ina kwance kamar tsire a bakin wuta, ina shan kunun kanwa abina.

Ran nan da hantsi, ba a ko yi suna ba, gidan ya yi tsit. Maza an kwashe su sharar hanya, wai Bature zai zo rangadi daga Tambuwal. Mata sun tafi rijiya, daga ni sai Gwaggo a ɗaki. Ina ba jaririya nono sai ga ɓera ya sauko ta bango. Bai ji tsorona ba, ta kan ƙafata ya bi ya nufi ƙofa. Wata ta biyo shi da ɗanta a baki. Sai tsaka, sai kyankyasai, har da kunama, duk hanya ɗaya, ba mai kula wani.

Gwaggo ta yi salati. "Wanga ba banza ba. Wani abu na son ɗiyag ga."

Ta zuba turaren tsari a kasko, ɗaki ya cika da hayaƙi, ta ƙara toshe ƙofa ta zauna a bakinta.

Sai na fara jin ƙas-ƙas daga sama, a hankali, kamar mutum na taunar aya ba ya so a ji.

"Gwaggo, wani abu nika ji bisa."

"Mi kika ji? Ke da kunnuwa awa na zomo. Kar ki tanka mai."

"Mu fita mana."

"Da jinjira ba suna? Iskokin waje su ɗauke ta? Sai bayan raina."

Wani baƙin tsinke ya faɗo kan zanen yarinyar, da zafinsa. Na ɗaga kai, na ga jan abu cikin jinka yana buɗewa yana rufewa. Wallahi ban ce wuta ce ba, idon aljani na ɗauka. Ba wayo ya fitar da ni ba, tsoro ne. Na rungume ɗiyata, na kutsa ta ƙarƙashin hannun Gwaggo, na yaye asabarin.

Gwaggo ta juya ɗauko mayafin yarinyar. Iska na shiga, jinka ta kama gaba ɗaya, ta rufto a bakin ƙofa.

Ina tsaye tsakar gida ina ihu, sai na ji muryarta daga cikin wutar. Ba kururuwa take ba, faɗanta ne na kullum.

"Ke! Rufe mata kai, akwai ɗari."

Sau biyu ta faɗa. Kafin mata su iso da tuluna, rai ya yi halinsa.

Daga baya aka ce tartsatsi ne ya maƙale a jinka yana cinta ta ciki tun jiya, turaren kuma ya rufe ƙaurin. Ran suna aka sa wa yarinyar sunan Gwaggo.

Yau ɗiyar nan ta yi jikoki. Na hana kasko kwana a ɗakina, suna min dariya, wai tsohuwa ta fi son rawar sanyi. Ban damu ba. Amma in an miƙo min jariri da ɗari, kafin in duba fuskarsa hannuna ya riga ya ja zane ya rufe masa kai.