Tsakuwar da Baba Iro Ya Ɓoye a Hula

Har gobe ba zan manta da ranar da na tura allon wasan nan ƙarƙashin gado na ce ni da shi har abada ba. Abin da ya tuno mini, ɗaya daga cikinku da kuka kama aiki bana ya nuna mini wasan da yake haɗawa a kwamfuta, ya ce ya kai mataki na bakwai zuciyarsa ta mutu. Na yi dariya, ba don raini ba. Ni a na shida tawa ta mutu, kuma da kwali da tsakuwa nake aiki.

A shekarun fari ne, damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Ina ƙaramin malamin gona, an ba ni ƙauyuka biyar tsakanin Tsanyawa da Makoda. Ga wanda bai san aikin ba, malamin gona yana zagaya manoma a kan keke, kowane ƙauye da ranarsa, ya duba shuka ya ba da shawara, duk sati biyu kuma ya kai rahoto ofis. Shugabanmu na yanki Alhaji Bukar ne, asalinsa Borno amma a Kano ya tashi. Ba ya ɗaga murya, ba ya kuma manta abin da ya sa ka.

A wani taron ofis ya ce takardun da muke liƙawa a bango awaki kawai ke amfana da su. Ya dube ni, don ya san ina taɓa zane.

"Nasiru, ka yi mana abin da manomi zai zauna ya yi da hannunsa, kamar dara. Ina so in gani kafin ruwan shuka. In ya yi, a ba sauran malamai. In bai yi ba, mu ci gaba da ciyar da awaki."

Na samo kwalin sabulu na zana hanya mai zango shida: sharar gona, shuka, noman firi, maimai, girbi, rumbu. Kowane ɗan wasa yana farawa da tsakuwa goma, su ne hatsinsa. A kowane zango zai zaɓi abin da zai yi, ya yi noma da wuri ko ya tafi biki, sannan ya zaro tsinke daga gwangwani. Dogon tsinke ruwa, gajere fari. Sai da na kai wa liman ya juya shi ya tabbatar ba caca ba ce kafin na shimfiɗa shi a gindin tsamiyar ƙauyen da nake zuwa ranar Talata.

A nan na haɗu da Baba Iro, wani tsoho siriri da ba a cin sa a dara, ba a kuma cin sa a magana. Shi ya zame mini mai gwaji. "Malam, wannan ciyawar taka ta fi ta gonata mugunta," in ji shi, na koma na sake zangon noman firi. Sau huɗu ina sake shi. In ya yi gyaran murya na san aiki ya dawo sabo, amma ina son tsohon nan, kuma zango biyar suka gyaru a hannunsa har mutane na rigimar wa zai zauna.

Zangon ƙarshe ne ya gagara. Dokar da na sa mai sauƙi ce: a rumbu kowa ya ƙirga tsakuwarsa, mai yawa ya ci, wanda ba shi da ko ɗaya ya fita. Amma da an kai girbi sai wuri ya fara watsewa. Wannan ya tuna jakinsa, wancan ya ce la'asar ta yi alhali inuwa ba ta ko karkata ba. Baba Iro ma sai ya karkaɗe rigarsa ya ce sai wani satin. Na sake launi, na rage gidaje, na ƙara, duk a banza. Raina ya ɓaci, daga baya kunya ta kama ni. Na ce wa kaina mutane na kwana da yunwa, ni kuma ƙato da ni ina yawo da kwali a bayan keke. Ran nan na tura shi ƙarƙashin gado.

Sati shida yana can. Duk taro Alhaji Bukar zai tambaya, in ce, "Saura kaɗan, ranka ya daɗe." A karo na uku ya ce, "Kaɗan ɗin nan naka ya fi rani tsawo." Hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas.

Ranar kasuwar Tsanyawa na ji sallama a ƙofar gidan da nake haya. Baba Iro ne, a ƙasa ya tako, ƙafafunsa fari fat. Ya sha ruwa, muka gaisa, ya ce, "Ina allon?"

"Baba, na bar shi. Ba ku so."

"Wa ya ce maka ba ma so? Gobe ka zo gidana, ka bar kekenka a zaure."

Washegari ya yi mini iso har cikin gida, ya ce ai ni ɗa ne. Ya fara kai ni bakin rumbu ya ce in leƙa. Babu komai sai ƙaiƙayi. Sannan ya ja ni madafa, inda matarsa Inna Hajara ke dafa ganyen tafasa da ɗan dusa. Ya nuna sama. A jikin jinka an rataye wani ɗan ƙullin zangarniyar gero, hayaƙi ya mai da shi baƙi.

"Iri ne," in ji shi. "Kullum a ƙarƙashinsa take girki. Jikokinmu na kuka, ta ɗaga kai ta dube shi ta sauke."

Inna Hajara ta ci gaba da juya tukunya. Ni dai idona ya cika.

"To, Malam, a wasanka wanda fari ya cinye me yake yi?"

"Ya fita, Baba."

"Ya fita ya je ina? Abin da rumbu ya gaya mana da safe, sai mu zauna kwali ya maimaita mana da yamma a gaban jama'a? Shi ya sa muke tashi. Kai ka yi wasan da ke ƙarewa. Mu noma ba ya ƙare mana."

Na koma gida na jawo allon, na kaɗe masa yana. Na zana kibiya daga rumbu ta koma sharar gona, na ƙara doka ɗaya: tun farko kowa na iya ware tsakuwa guda ya ɓoye. Ba ta shiga ƙirge, kuma in wasa ya matse ka kana iya cinye ta. Wanda ya riƙe ta har rumbu bai fita ba, zai sake zagaye. Abin da ya hana ni sukuni wata biyu, kafin la'asar na gama shi.

Ranar Talata muka zauna. Kamar da gangan, Baba Iro ya zaro gajeren tsinke sau uku a jere, tsakuwarsa ta ƙare tas. Wani ya ce, "Baba ya fita." Tsohon ya cire hularsa a hankali, ya zazzage tsakuwa ɗaya a tafin hannu, ya ajiye ta a gidan farko. Babu wanda ya tuna jaki. Can wani magidanci ya sunkuyar da kai ya ce su a gidansu sun riga sun daka irinsu sun sha.

"Ka biyo ni bayan sallah," in ji Baba Iro. "Zangarniya biyu ba za ta kashe ni ba. A sake, Malam."

Alhaji Bukar ya amince da wasan. Ba a taɓa buga shi a maɗaba'a ba, an ce babu takarda, sai malamai suka riƙa kwafa da hannu a kan kwali.

Abin da na koya ke nan. In aiki ya tsaya maka cak, sau da yawa ba lalaci ba ne, akwai abin da ba ka sani ba tukuna, kuma ba a ɗakinka za ka same shi ba. Ka ɗauki abin yadda yake, da guntunsa, ka kai wa waɗanda kake yi dominsu. Manoman da ake aiko mu mu koyar sun fi mu sanin yadda ake ci gaba bayan an yi asara.

Baba Iro ya ga damina uku bayan nan, Allah ya jiƙansa. Da na je ta'aziyya Inna Hajara ta aiko mini da hularsa, ta ce shi ya ce a ba Malam. Tsakuwar na ciki.