Ludayina a Jikin Zanar Inna

In dai maganar inda ake cin abu mai daɗi ce tsakanin Rano da Kibiya, ba na jin akwai wanda ya fi ni sani. Tun da na ajiye makaranta a aji biyu na sakandare ban taɓa cika wata shida a sana'a ɗaya ba, sai wadda nake yi yanzu. Na yi faci, na yi cajin waya, na yi lodin tumatir, yanzu acaɓa nake yi. Duk inda na je, abin da nake fara koyo shi ne inda ake ci. Babata takan ce da cikina aka saka a makaranta da tuni ya gama jami'a.

Akwai mai ɗanwake a bayan tashar Rano, mace mai faɗan tsiya, amma in ta zuba maka soyayyen mai da albasa sai ka yafe mata zagin da ta yi maka. In hantsi ya ɗaga ba ka je ba, to sai gobe. Akwai mai shayi a hanyar Saji da ke cika citta da kanumfari, ka sha kofi ɗaya kana gumi kamar ka yi noma. Tsiren Tarai kuwa ba na son in fara, mutumin da hannunsa yake daka ƙulinsa.

Amma duk waɗannan wurin ci ne kawai. Wurin da nake zama in ji kamar ina gida shi ne gindin tsamiyar Inna, a bayan kasuwar Kibiya.

Inna tsohuwar Bafulatana ce daga wajen Fassi, mai fura da nono. Kindirmonta ba ruwa, ba kuka, in ka tsayar da ludayi a ciki sai ya yi shawara kafin ya faɗi. Ba ta taɓa kirana da sunana ba. Da ta ji ƙarar babur ɗina sai ta ce, "Ga Kaɗo mara gindin zama. Yau kuma wace sana'a aka bari?"

Ni kuma in ce, "Inna, kiwo zan koma, ki ba ni saniya ɗaya."

"In ba ka saniya ka cinye ta kafin la'asar?"

Har ludayina daban ta ware mini, wani mai ɗan tsaguwa a baki da ta ɗinke da zare. Tana rataye shi a jikin zana, ba ta ba kowa. A gidanmu ma ba ni da kwanon da ake cewa nawa ne.

Zanar nan ita ce maganar. A bayan Inna take, an kewaye gindin tsamiyar da ita, da 'yar tabarma a ciki. Mu Hausawa a benci muke zama a gaba, muna sha muna surutu. Dattawan Fulani kuwa ta baya suke zagayowa su shige. Inna ta dama, ta miƙa ƙwarya ta gefen zana ba tare da ta waiwaya ba, an jima a turo ƙwaryar a rufe da faifai. Ba ka jin ko tari. Na san dalili, kowa ya sani, fulako ne: babban mutum ba ya bari a ga yana cin abinci a kasuwa, balle surukinsa ya gani. Sai dai ni a lokacin abin tsokana na ɗauke shi, irin wanda muke yi musu a tasha.

Daminar bara na samu waya mai kyamara mai kyau, sai na tsiri ɗaukar bidiyon wuraren nan ina ɗorawa. Abin ya karɓu. Mai ɗanwake ta ƙara kasuwa, har ta rage zagina. A tasha aka fara ce mini sarkin ciki, kaina ya yi girma.

Ranar kasuwar Kibiya na zo wa Inna da waya. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ɗauki ƙwarya in za ka ɗauka, ni kar ka ɗauke ni."

Na ɗauki ƙwarya, na ɗauki hannunta tana dama fura. Sai na ji motsi a bayan zana. Ban tsaya tunanin komai ba, na miƙe na ɗaga wayar ta saman zanar.

Baffa ne a ciki. Dattijo ne makiyayi, maƙwabcin su Inna, nakan ɗauko shi a babur daga Fassi da buhun kanwar shanunsa. Mutum ne da ko dariya zai yi sai ya sa hannu ya kare baki. Ran nan ya cire malafarsa ya ajiye, ya lumshe ido, nono ya ɓata masa gemu, yana kalace ƙwarya da yatsa yana lashewa. Bai gan ni ba. Inna ma ta duƙa tana sallamar wani. Na yi ƙasa da murya na ce, "Ga shaida, jama'a, har Baffa ya manta da fulako." Kafin in tashi babur na ɗora.

Wallahi a raina talla nake wa Inna.

Babu bidiyona da ya taɓa yawo kamar wannan. Kwana biyu ina shiga tasha ana tafa mini. Wani ya yanko wajen lashe yatsan ya sa masa kiɗa. Na yi dariya tare da su, har da riƙe ciki.

Da kasuwa ta zagayo na faka a gindin tsamiya ina jiran a ce ga Kaɗo. Inna ba ta ɗago ba.

"Sannu da zuwa, Malam. Ta nawa za a dama?"

Malam. Na waiwaya in ga ko wani ne a bayana. Ta dama, ta zuba mini a kofin roba da cokalin roba, irin wanda take ba baƙi masu wucewa.

"Inna, lafiya? Ina ludayina?"

"Kana ganin zanar nan don iska na kafa ta?"

Sai da mutanen benci suka ragu ta gaya mini. Mijin babbar 'yar Baffa ya je kara, kasuwar shanu, sayar da ɗan maraƙi, ya tarar da samari sun taru a kan waya suna ƙyaƙyata dariya, aka miƙo masa ya gani. Mutumin da tun da ya auri 'yar bai taɓa ganin Baffa ya kai ko ruwa baki ba. Ya juya ya koma gida da maraƙinsa. Baffa kuma tun da labari ya kai masa bai ƙara taka kasuwa ba.

Na ce, "Haba Inna, fura ce fa ya sha, ba wani abu ya yi ba."

"Tun kana goye yake zuwa nan. Tafiya yake yi tun safe da yunwa, duk faɗin kasuwar nan nan ne kaɗai zai iya sa abu a bakinsa. Ni ya amince wa, ni kuma na bar ka kana zama kusa da zana kamar ɗan gida." Ta nuna ludayin da haɓa. "Ga shi can. Ranar da Baffa ya dawo bayan zanar nan, ranar za ka sha da ludayinka."

A take na goge bidiyon. Amma me gogewata za ta yi, abu yana wayar kowa?

Na yi kwana huɗu ina ɗaukar fasinja zuwa Fassi ina wuce kwanar gidansu. Ran na biyar na daure na shiga. Gero ya yi tsayi, hanyar duk taɓo, na jingine babur na ƙarasa a ƙafa. Na same shi yana ɗaure 'yan maruƙa. Ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru, ya tambayi babata, ya tambayi babur, ya tambayi ruwan wajenmu. Duk lokacin da na buɗe baki zan fara, sai ya sako wata gaisuwar.

Ya kai ni wani ɗan ɗaki, ya shimfiɗa mini buzu. Aka miƙo ƙwarya rufe da faifai, shi da kansa ya karɓa ya ajiye a gabana.

"Bismilla, ɗana. Bari in duba shanu."

Ya fita, ya saki asabari ya rufe ƙofar. Na ji yana gaya wa mutanen gida da Fulatanci su koma can, baƙo zai ci abinci. Wannan kam na gane.

Na zauna ni kaɗai da ƙwarya. Ba mai kallona, ya tabbatar ba mai kallona. Ban taɓa zama gaban abinci na rasa sha'awarsa ba sai ran nan. In bari, na raina masa karamci. Haka na yi ta turawa, ina jin hucin shanu a waje, har na ga gindin ƙwarya. Na mayar da faifai na rufe.

Da na fito na tsuguna a gabansa.

"Baffa, na yi maka laifi. Ka yafe mini don Allah."

Ya ajiye igiyar hannunsa.

"Na yafe. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"To za ka dawo wajen Inna? In kai ka ranar kasuwa, in tsaya in tsare maka wurin."

Ya yi ɗan murmushi, ya sa hannu ya kare baki.

"Furar gida ma tana da daɗi, ɗana."

An yi girbi, an yi rani, ga wata daminar ta shigo. Baffa ya dawo cin kasuwa, wani lokacin ma ni nake ɗauko shi. In mun zo daidai tsamiya sai ya juya kai yana kallon rumfunan masu hatsi har mu wuce. Ya yi cinikinsa, in mayar da shi da yamma, bai sa komai a cikinsa ba.

Bidiyo kam na daina. Ina zuwa wajen Inna har yanzu, ta koma ce mini Kaɗo, wani lokacin har ta tambayi wace sana'a aka bari. Amma a kofin roba take zuba mini. Ludayin yana nan rataye, rana ta ci zaren ya fara warwarewa. Ran nan na ce ta ba ni in kai a sake ɗinkewa, ta ce in bar shi inda yake.