Turmi a Tsakar Lakwal

Waɗanda ke wurin ran nan su ne ni, da madam mai koyar da 'yan mata, da babban malami da muke kira mushe babba, shugaban lakwal, wato makarantar boko, da ƙanen mijina wanda ke riƙe da unguwarmu, da dattawa biyu da ya jawo don su riƙa gyaɗa masa kai. 'Yan matan aji kuwa sun lafe jikin bango. Turmi na tsakiyarmu, babu ko ƙwayar hatsi a ciki.

A garinmu Sarkin Hausa ne, shekarar da damina ta sake yaudararmu, soja na riƙe da ƙasa. Ni ban taɓa shiga lakwal ba, ban kuma so aka kai jikokina ba. Madam ce ta biyo ni har gida. 'Yar Tasawa ce, siririya, mai saurin magana. Na daɗe ina lura da ita ta kan danga ban ga abin zargi ba, shi ya sa na shimfiɗa mata tabarma. Ta ce tana karantar da yara waƙoƙin Nasara, wato Turawa, na cikin littafi, tana so ta haɗa musu da na uwayensu.

"Inna, an ce ba wadda ta kai ki waƙar daka."

"Waƙar daka ba karatu ba ce, ɗiyata. Abin rage gajiya ne."

"To ni a bakin wa na ji mata sun taɓa yin gona tasu a garin nan, in ba a waƙar ba?"

Nan ta kama ni. A zamanin uwayenmu duk macen da aka kai gidan miji sai an yanka mata gamana, wato 'yar gonarta. Ta yi aikin gandu da safe, da la'asar ta koma tata. Abin da ta girbe ta zuba a rumbunta, maigida ba ya leƙawa sai ta ce. Tun yunwar farko maza suka soma karɓe gamana. Da fari suka ce ƙasa ta yi kaɗan, daga baya suka ce mace ta gari ba ta fita gona. Yarinyar da ta tashi a lokacin sai ta ɗauka haka duniya ta zo. Tawa gamanar dai tana nan, don ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayata ita.

Na faɗa wa madam waƙoƙin, har da wadda uwata ke yi: gamanata gabas da kuka, ba kyautar kowa ba ce, gumi na biya. Ta kai aji. Amma waƙar daka ba ta zama a baki sai da taɓarya a hannu, yaran suka yi ta tuntuɓe. Sai ta aro turmi ta sa su lugude, wayam.

A wurinmu ba a dakan turmi wayam, an ce yunwa yake kira. Bar ma wannan. Ƙarar ta ratsa gari, mata suka fito da ƙwarya suna zaton hatsin taimako ake rabo a lakwal. Suka koma gida da ƙwaryarsu kife. Abin da ya tara mu ke nan.

Ƙanen mijina ya ce, "Mushe, a shekarar nan za ku kira mana wata yunwar? Ga ɗiyata jiya ta tsare ni, wai ina gamanar uwarta. Gobe zan hau amalanke in je Mayahi in faɗa wa kumandan mai mulkin yankin nan."

Mushe babba ya yi ta share gumi. A lokacin kalma ɗaya ta isa a ɗauke malami a jefa shi inda ba ruwa. Ya ce darasin ya ƙare daga yau.

Madam ta ce, "Baba, na san ba a yi. Hatsin ne ban da shi."

Na ce mata, "Kin sani kika yi, kin fi wanda bai sani ba laifi. Matan da kika fitar da ƙwarya, sai kin bi su gida gida kin ba su haƙuri." Ta sunkuyar da kai. Na juya ga ƙanen mijina. "Kai kuma, turmin ne ya dame ka ko tambayar ɗiyarka?"

"Matar yaya, kin tsufa ba ki bar tsokana ba."

"Kai ma ka tsufa ba ka bar kewaye-kewaye ba. Shekarar da gandun gidanku ya ƙi, furar wace gona ka sha har ka yi wannan wuyan?"

Dattijo ɗaya ya yi tari don ɓoye dariya. Ƙanen mijina ba zai yarda a gaban mutane cewa yarinya ta tsorata shi ba.

"Turmin ne," in ji shi.

"To in da hatsi a ciki, kana da magana?"

"Wa zai kawo hatsi lakwal a shekarar nan? In da hatsi, ba ni da ta cewa."

Dattawan suka gyaɗa kai, aikin da aka kawo su yi ke nan.

Ya san abin da ya taka. A shekarar yunwa mai ɗan abu ɓoye shi yake. Ni kaina a cikin ɗaki nake daka, na naɗe gindin turmi da tsumma, don kowa ya ji to gobe da ƙwaryarsa zai yi mini sallama, kuma ba a korar maƙwabci. Abin da ke rumbuna da ƙyar zai kai ni shuka. Na auna wannan, na auna jikata da ta kai shekara goma ba ta san me ake kira gamana ba.

Washegari bayan na yi salla na ware iri na rufe shi a tulu. Na ɗebi hatsin abincina na ranar a ƙwarya, ban rufe shi da faifai ba. Na bi ta ƙofar gidan ƙanen mijina, na gaishe shi da kyau, na wuce lakwal. Na juye a turmi, na miƙa wa ɗiyarsa taɓarya, na ce ta gyara tsayuwa, sa'annan na ɗauko waƙar daga farko.