Ƙarafan Sajan Marasa Lamba

Abin da ya fara zuwa kunnena shi ne wai ƙarafan da mata ke ɗagawa a gidan motsa jikin Sajan na bogi ne. Wai roba ce aka shafa wa baƙin fenti, cikinta fanko, shi ya sa ta kankare lambobin da ke jikinsu don kada asiri ya tonu. A bakin mai kitso na ji, ita kuma ta ji daga wata da ko ƙofar wurin ba ta taɓa takawa ba. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, kuma ba abin da na fi yi wa ɗalibai faɗa a kai kamar "an ce". Da zancen bai shafi gidanmu ba, da a wurin kitson na bar shi. To, ya shafe mu.

Ƙanwata ce, wadda har yau muke kira Auta ko da yake ta haura sittin. Shekara biyu da suka wuce santsi ya kwashe ta a banɗaki, ta karye a wuyan hannu. Ƙashi ya haɗe, likita ya sallame ta, amma ɗanta bai sallame ta ba. Shi da matarsa suna saman bene, ita tana ƙasa, ya kafa doka cewa Mama ba ta ɗaukar komai, ko butar shayi. Da aka haifa masa 'ya, sai a zaune ake miƙa wa Auta ita, da matashi a cinya, uwar na tsaye a kanta kamar mai gadi. Yarinya ta yi ta kuka a sama, kakarta na ƙasa tana ji, ba dama ta hau ta sauko da ita.

"Yaya," ta ce da ni, "biyar na goya. Yanzu ɗaya ta gagare ni?"

Sai ta karɓo takardar izini daga likita ta nufi wurin Sajan. Bayan wata bakwai ta shaida wa ɗan nata cewa daga yau za ta riƙa ɗaukar jikarta a tsaye. Shi ma zancen ya riga ya iske shi. Ya yi dariya ya ce, "Haba Mama, robar nan?" Sannan ya juyo gare ni. "Inna, ke ce kika yi boko mai zurfi, don Allah ki gaya mata gaskiya."

Na ce sai na auna tukuna. Ban yarda da masu cewa tsohuwa sai kwanciya ba, amma kuma ba zan bari a zuga ƙanwata ta hau bene da jaririya bisa ƙarya ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Sajan ba ta taɓa aikin soja ba, muryarta ce ta jawo mata sunan. Gajeruwa ce, furfura ta leƙo ta gaban ɗankwalinta, da usur a wuya wanda ba a taɓa jin ta busa ba. Shekara ashirin da biyu ke nan, ƙarfe shida na safe take buɗe ɗakin da ke bayan shagon mai kujeru. Ta buɗe tagogi, ta share, ta goge tabarmun roba ɗaya bayan ɗaya. Ta hau kowane keke da injin tafiya na minti guda, tana kasa kunne, wanda ya yi ƙara ta ɗiga masa mai. Daga nan ta jawo wata kujerar katako ta dasa a tsakiyar ɗaki. Duk wadda ta zo sabuwa, ko 'yar ashirin ce ko 'yar saba'in, darasinta na farko shi ne ta zauna ta miƙe ba tare da ta dafa gwiwa ba.

Ni ma ban tsira ba. Ina shiga da sikelina na rataye a jaka ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Ke ce yayar Auta mai bincike? Bismillah, ga kujera."

"Ba motsa jiki na zo yi ba."

"Na sani. Zauna ki miƙe sau biyar, sai mu yi magana."

A na uku na dafa gwiwa. Wata tela da ke tuƙa keke ta ce, "Sajan, ki yi mata a hankali, ilimi ne ya yi mata nauyi." Ɗaki ya kwashe da dariya, har da ƙanwar tawa, marar kunya.

Gaskiya ne ba lamba a jikin ƙarafan. Sunaye gare su. Ƙaramin shi ne Buta, na gaba Tukunya, sai Maƙwabciya, babban kuma Uwar Miji, wanda mata uku kacal ke iya ɗagawa. Na tambaye ta dalili. Ta ce a shekararta ta farko wata ta zo, mai ɗebo jarkar ruwa daga bakin titi kowace safiya, da ɗan shekara uku a bayanta. Ta ga an rubuta biyar a jikin ƙarfe, ta ja baya ta ce ƙashinta zai karye. "Lambar ta tsorata ta, Hajiya, alhali ta fi ƙarfin ƙarfen nesa ba kusa ba. Washegari na sa aka goge su duka. Ni na san nauyin kowanne, na kuma san hannun kowacce. Ba na ƙara wa mace nauyi sai na ga tana ɗagawa tana gulma."

Kwana shida na yi ina zuwa kafin na fito da sikelin, don ina son in ga yadda take aiki. Telar nan ta ce ciwon baya ya kusa raba ta da keken ɗinki, yanzu sai ta wuni a kai. Wata ma'aikaciyar jinya ta ba ni labarin yadda ta fara zuwa, tana raɓewa bayan ginshiƙi don kada ta ga kanta a madubi. Sai Sajan ta sa wa madubin labule, ta ce rana ke kashe mata ido. Wata biyu labulen na nan, har ranar da matar ta yaye shi da hannunta don ta duba ko kafaɗarta ta miƙe daidai. A gabana kuma wata budurwa ta shigo da kwalin shayin rage ƙiba, ta ce kwana uku ba abin da ta sa a ciki sai shi. Sajan ta karɓa ta juye a kwata, ta ɓare mata dafaffen ƙwai biyu daga kwanonta, ta ce, "Ci, 'yata. Mai jin jiri ba ta taɓa mini ƙarfe."

Batun abinci ma ba ta da dogon wa'azi. Ba ta raba takardar haramci. Abin da take cewa shi ne a zauna a ci, a faranti, rabinsa ganye, a samu wake ko kifi ko ƙwai a gefe, lemon kwalba kuma a bar wa baƙi. Wadda ta fi sha mata faɗa ita ce mai tsayawa a kicin tana suɗe ragowar yara. "Ke uwa ce ko kwandon shara?" Na karanta littattafai da dama kan abinci mai gina jiki, ban ga wanda ya gano wannan ciwo na mata ba.

Ran na bakwai na rataya sikelin a ƙugiyar ƙofa. Na fara gwada shi da lita guda ta ruwa, ya nuna kilo ɗaya cif. Sannan na ce a kawo Maƙwabciya, wadda Auta ke rungumewa a ƙirji ta hau matakalar bayan ɗakin ta sauko, sau goma, kowace Talata da Alhamis da Asabar. Sajan ta sa ta a buhu ta rataya, sannan ta tare allurar sikelin da jikinta.

"Ki rubuta, Hajiya, kada ki faɗa da ƙarfi. Akwai sababbi a ɗakin."

Na duba sau biyu, na rubuta, na ninke takardar.

Ƙarshen watan nan Sajan za ta ajiye aiki, ta ce gwiwarta ta fara kai ƙara. Ba wanda zai kira taro ya ba ta lambar yabo, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Sajan, ke ce kika ji ana kiran kayan aikinki na bogi shekara da shekaru, kika haɗiye, don kin san ranar da kika wanke kanki ranar tsoro zai dawo wa matan da kike raino. Ke ce kike tsayawa a bayan tsohuwa a kan matakala, hannunki a buɗe, ba ki taɓa ta ba kuma ba ki matsa ba. Uwar marasa ƙarfin gwiwa, mun gode. Allah Ya saka miki, Ya ba gwiwarki lafiya. Ku kuma masu iyaye a gida, ku rage wannan tausayin da ke zaunar da mutum wuri guda. Ku tambayi likita, in ya yarda ku kai su inda za a koya musu, ku bar su su ɗauki abin da za su iya.

Da yammacin ranar da na yi awon na miƙa wa ɗan Auta takardar a gindin bene. A ƙasan abin da na auna na ƙara layi ɗaya daga katin asibitin yarinyar. Ya karanta, ya sake karantawa, ya hau sama. Can sai ya leƙo ya ce, "Mama, ta farka. Ki zo ki sauko da ita."

Ƙarfen da Auta ke hawa matakala da shi kilo goma sha biyu ne. Jikarta kilo bakwai da rabi ce.